Kama da Wane Ba Ta Wane: Yadda Nake Zaɓen Kolum na HPLC

Ranar wata Litinin ce cikin Afrilu, irin ranakun da iskar Sakkwato ke bugun fuska kamar an buɗe tanderun burodi. Wata ɗaliba mai neman digiri na biyu ta shigo ɗakin gwajinmu da leda cike da kwalayen tiramadol da ta tattaro daga wurare daban-daban. So take ta auna da HPLC, injin da ke raba sinadaran da ke cikin samfur ya auna kowanne, ko abin da aka rubuta a bayan kwali shi ne a cikin ƙwayar. Aiki ne da ya dace da garin nan, tunda abin da NAFDAC ta yarda da shi miligiram 50 ne da 100, amma ga mai 225 na yawo a aljihun samari. Ta miƙo mini takardar wani bincike da ta sauko da ita daga intanet, ta ce, "Malam, da kolum C18 suka yi. Na kuma ga akwai C18 a durowa."

Na ce ta ɗaura shi, gani ya kori ji. Tsaunin da ya fito a allon kwamfuta, wato zanen da ke nuna fitowar maganin, ya tashi tsaye kamar abin arziki, da ya zo saukowa sai ya ja wata doguwar wutsiya irin ta ƙadangare. Kwamfuta ta rasa inda za ta yanke shi. Allura uku, wato sau uku ana tura samfurin cikin injin, amsa uku. Ta dube ni ta ce, "Malam, injin ne ya lalace?" Na ce, "A'a 'yata, injin lafiyarsa lau. Kolum ɗin ma C18 ne, ba ƙarya aka rubuta ba. Sai dai ba irin nasu ba ne."

Ga wanda bai saba da abin ba: kolum ɗan bututun ƙarfe ne, tsawonsa kamar ɗani guda, kaurinsa kamar biro, an danƙare cikinsa da garin silika mai laushi fiye da kwalli. Famfo na tura ruwan kora ta cikinsa, ruwan na ɗauke da samfurin. Sinadarin da ke manne wa garin sosai sai ya yi jinkiri, wanda ba ruwansa da garin ya riga kowa fita. Tun 1903 da Mikhail Tsvet, masanin tsirrai na ƙasar Rasha, ya raba launukan ganye a bututun gilashi mai cike da garin alli, dabarar ke nan. Garin ne ya ƙara laushi, matsin ya ƙaru.

C18 kuwa na nufin an lulluɓe silikar da sarƙoƙi masu kabon 18, kamar an shafe ta da maiƙo. Mai son maiƙo ya zauna, mai son ruwa ya wuce. Matsalar ita ce shafin ba ya rufe ko'ina. Akwai guraben da silika ke saura tsirara, su ake kira silanol, kuma idan pH, wato ma'aunin tsami da kanwa na ruwa, ya ɗan hau sai su ɗauki caji. Mafi yawan magungunan da muke aunawa, irin su tiramadol, kulorokwin, amodiyakwin da kodin, suna da naitirojin a jikinsu, suna ɗauke da kishiyar wannan caji. Sai su riƙa maƙalewa a waɗannan gurabe suna sakin jiki a hankali. Wutsiyar ke nan. Tsofaffin kolum da aka yi da silika mai gauraye da ƙarfe sun fi kowa wannan hali. Na zamani, da aka yi da tatacciyar silika aka kuma toshe guraben da suka rage, da wuya su ba ka wutsiya mai muni. Dukkansu C18 aka rubuta. A kundin magunguna na Amurka, USP, dukkansu lamba ɗaya ce, L1, kuma kolum ɗin da ke ƙarƙashin wannan lamba sun kai ɗaruruwa.

Shi ya sa ba na fara duba durowa. Maganin nake fara tambaya halinsa. Mai son ruwa ne ko mai son maiƙo? Ɓangaren tsami yake ko ɓangaren kanwa, kuma nawa ne pKa ɗinsa, wato pH ɗin da yake sauyawa tsakanin mai caji da mara caji? Duk matar da ta taɓa jefa kanwa a miyar yakuwa ta san abin da nake nufi: ɗaya na kashe kaifin ɗaya, kuma akwai wata tsakiya da abu ke zama ba nan ba, ba can ba. A wannan tsakiyar ce magani ke ba da wahala. Idan pH na ruwan kora ya yi daidai da pKa, rabin maganin na da caji rabi ba shi da, kuskure kaɗan wajen haɗa bafa, ruwan gishirin da ke riƙe pH, sai lokacin fitowa ya yi tsalle. Ka nisanta su da maki biyu in da hali. Tiramadol pKa ɗinsa wajen 9.4 ne, kodin wajen 8.2. Ko dai ka sauka can ƙasa, pH 3, inda maganin ke da cikakken caji amma silanol sun yi barci, ko ka hau can sama, pH 11 da wani abu, inda maganin ya ajiye cajinsa ya zauna a kan maiƙo lafiya.

Hanya ta farko muka bi da ɗalibar nan. Bafar fosfet a pH 3, da ɗan digon tirayetilamin wanda ke rige maganin zuwa guraben silanol ya zauna. Awon wutsiyar ya dawo ƙasa da 2, wanda shi ne iyakar da akasari ake karɓa. Ba sabuwar dabara ba ce. Hanyar USP ta siprofuloksasin ma haka take: ruwan asid ɗin fosforik da aka daidaita da tirayetilamin zuwa pH 3.0, kashi 87, da asetonitiril, sinadarin da ke ƙara wa ruwan kora ƙarfi, kashi 13. Amma kolum ɗin da ya sha irin wannan, ko ya sha sinadaran haɗa caji, masu manne wa magani mai caji don kolum ya riƙe shi, na kan manna masa takarda in keɓe shi. Ba ya komawa yadda yake.

Hanya ta biyu, ta hawa sama, ita ce ke kashe kolum a hannun wanda bai karanta takardar cikin kwali ba. Silika ta gama-gari tsakanin pH 2 da 8 take rayuwa. Ƙasa da 2 sarƙoƙin na tsinkewa, sama da 8 silikar kanta na narkewa, zafi kuma na ƙara wa abin gudu, musamman da fosfet. In aikinka na buƙatar pH 10, nemi wanda aka ƙera don haka, irin XBridge na kamfanin Waters ko Gemini na Phenomenex, waɗanda ke jure 1 zuwa 12. In kullum a can ƙasa kake, Zorbax StableBond na Agilent don ruwa mai tsami sosai aka yi shi. Ba talla nake musu ba, ba su san da ni ba. Sunayen da za ka ji a bakin dillalai ne, gara ka san me kowanne ya iya.

Sai masu son ruwa, waɗanda C18 ba ya iya riƙewa. Ga awon da nake koya wa kowa ranar farko. A kolum mai faɗin milimita 4.6 da tsawon 150, idan ruwa na gudun mililita 1 a minti, abin da bai manne ko kaɗan ba zai fito wajen minti 1.5. A mai tsawon 250, wajen minti 2.5. Duk tsaunin da ka gani a wannan lokaci, ba a raba shi da komai ba, tare ya fito da gishiri da sukari da duk tarkacen ƙwayar. Ka so maganinka ya kai aƙalla ninki uku na wannan lokaci kafin ya fito, kada kuma ya wuce ninki goma da wani abu, don ɓarnar lokaci da sinadari ce. Na sha ganin rahoton metfomin da aka ce ya fito a minti 1.6 ana murna wai hanya mai sauri. Metfomin mai son ruwa ne na ƙarshe, ga shi da caji a kowane pH da za ka iya amfani da shi. Wucewa kawai ya yi kamar baƙon da bai ga wurin zama ba. Irinsa sai kolum mai musayar caji, ko sinadarin haɗa caji, ko HILIC, sunan da Andrew Alpert ya raɗa wa dabarar a 1990. A HILIC komai a juye yake: garin ne mai son ruwa, asetonitiril ne mai yawa, kashi 70 zuwa sama, ruwa kuma shi ne mai ƙarfin korar samfur. Yana aiki, amma yana da jinkirin daidaituwa, kuma idan ka narka samfurinka a zallan ruwa tsaunin zai wargaje. A garin da wuta ke iya tafiya ana tsakiyar aiki, ka yi tunani sau biyu kafin ka ɗora aikin yau da kullum a kansa.

Akwai na tsaka-tsaki, irin amoksisilin, da C18 ke riƙewa amma sai an cika ruwa. Hanyar USP kashi 96 bafa ce a pH 5.0, kashi 4 kacal asetonitiril. A nan akwai wani tarko da ya fi kama mu fiye da mutanen da wutarsu ba ta ƙiftawa. Idan ruwan kora ya kusa zama zallan ruwa, matsin famfo ne ke tilasta masa zama cikin ƙananan ramukan garin mai maiƙo. Da famfo ya tsaya, ramukan sai su tofar da ruwan. Wuta ta dawo, ka kunna, ka ga magani ya fito da wuri kamar an canza kolum. Bai mutu ba, wanke shi da metanol ko asetonitiril mai yawa zai farfaɗo da shi. Amma in irin wannan ne aikinka na kullum, sayi wanda aka rubuta wa AQ, wanda aka yi don ya zauna da zallan ruwa.

A ɗaya gefen akwai lumefantirin, abokin tafiyar atemeta a maganin zazzaɓin cizon sauro, miligiram 120 da 20 a ƙwaya ɗaya. Lumefantirin maiƙo ne tsantsa, in ya samu C18 mai kauri sai ya shimfiɗa tabarma. Atemeta kuma da ƙyar fitilar UV, idon injin da ke hango abin da ya fito daga kolum, ke ganinsa, sai an sauka wajen nanomita 210, inda metanol ke fara rufe ido tunda iyakarsa wajen 205 ce, asetonitiril kuwa har 190. Don haka ko ka ɗauki C8, wato L7, mai guntuwar sarƙa, ko ka riƙa ƙara ƙarfin ruwan kora a hankali ana cikin tafiya, kuma asetonitiril ne abokin aikinka ko da ya fi tsada.

In tsaunuka biyu suka haɗe suka ƙi rabuwa, abin da kowa ke fara cewa shi ne a samo kolum mai tsawo. Lissafi bai goyi bayan haka ba. Ka ninka tsawo biyu, lokaci ya ninka, matsi ya ninka, rabuwar kuwa kashi 40 cikin ɗari kawai za ta ƙaru. Ka fara taɓa pH, ka musanya asetonitiril da metanol. In sun ƙi, canza irin shafin gaba ɗaya. Komawa C8 daga C18 ba canji ba ne sosai, ɗanjuma ne da ɗanjummai. Fenil, L11, na kama magunguna masu zobe ta wata fuska dabam, kuma halinsa ya fi fitowa da metanol. PFP, wato fenil mai fulorin, L43, gwani ne wajen raba 'yan uwa masu kama da juna da magunguna masu fulorin ko kulorin. Sayano, L10, riƙonsa sako-sako ne, yana da amfani in samfur ya haɗa mai son ruwa da mai son maiƙo, sai dai a hannuna bai cika daɗewa ba.

Yanzu girma, inda kuɗi ke zubewa. Akwai shekarar da muka samu ɗan kuɗin bincike, aka ce wa wani dillali a Legas ya turo "C18 mafi kyau". Ya kuwa turo mai kyau: faɗi 2.1, tsawo 100, ƙwayar gari maikuron 1.8. Yaron da ke taya ni ya ɗaura, ya sa mililita 1 a minti yadda ya saba. Ba a yi daƙiƙa goma ba famfo ya yi ƙara ya kashe kansa. Injinmu iyakar matsinsa bar 400 ce, bar kuwa ma'aunin matsi ne. Irin wannan gari, tun da Waters ta fito da injin UPLC a 2004, don injinan da ke kai bar 1000 ake yin sa. Matsi na hawa ne da murabba'i: ka rage girman ƙwaya da rabi, ya ninka huɗu. Daga 5 zuwa 1.8 kusan ninki takwas ke nan, ga kuma bututun siriri, wanda gudun da ya dace da shi wajen 0.2 ne, ba 1 ba. Da muka rage gudu ya yi aiki, amma tsaunukan ba su yi sirantar da aka yi alkawari ba, saboda bututan injinmu da ɗakin fitilarsa masu faɗi ne, samfur na bajewa a cikinsu bayan kolum ya gama wahalar tattara shi. Mun sayi doki mun ɗaure shi a turken jaki.

Ga injin bar 400 irin wanda yawancinmu ke da shi, abin da na fi so shi ne 4.6 da 150, ƙwaya 3 ko 3.5. Mai ƙwaya 3 na ba da rabuwa daidai da tsohon 250 mai ƙwaya 5, a kashi 60 cikin ɗari na lokacin. Ga kuma masu ƙwaya mai dunƙulallen ciki, maikuron 2.6 ko 2.7, irin Halo da Kinetex da Poroshell, waɗanda ɓawon waje kawai ke da ramuka. Suna kusantar aikin mai ƙwaya ƙasa da maikuron 2 a wajen rabin matsinsa. In asetonitiril ne ke cin kasafinka, duba mai faɗin milimita 3.0: gudun 0.43 ke yin aikin da 1.0 ke yi a 4.6, fiye da rabin kwalba ya tsira. Tsohon 250 mai ƙwaya 5 ma ban raina shi ba. Shi ne jakin gida, yana haƙuri da samfur mai datti fiye da kowa, kuma in ɗalibai goma ne za su yi layi a kan inji ɗaya shi nake ɗaura musu.

Duk wannan zaɓi na mai ƙirƙiro hanyarsa ne. In aikin tabbatar da inganci kake, kana bin USP ko BP, kundin magunguna na Birtaniya, don sakamakon ya tsaya a gaban hukuma, hannunka a ɗaure yake. Inda aka ce L1 ba ka sa L7. Abin da babi na 621 na USP ya yarda shi ne ka canza tsawo da girman ƙwaya matuƙar rabon tsawo da ƙwaya bai ragu da fiye da kashi 25 ba, bai kuma ƙaru da fiye da kashi 50 ba. Misali, 250 a kan 5 na ba da 50. In ka koma 150 a kan 3.5, ka samu wajen 43, ragin kashi 14, ya halatta. Amma 150 a kan 5 na ba da 30, ragin kashi 40, ya fita. Tun Disamban 2022 an buɗe wannan ƙofa har ga hanyoyin da ake sauya ƙarfin ruwa ana tafiya, bisa sharuɗɗa. Bayan haka gwajin dacewar inji ne alƙali: rabuwa, wutsiya, da yadda allurai biyar ko shida suka yi daidai da juna. In kolum ɗin da aka yi hanyar da shi ba ya samuwa, USP na da rumbun bayanai a intanet da ke jera kolum bisa kusancin halinsu. Minti biyar a can ya fi wata uku ana jiran kayan da ba za su yi ba.

Wani abu da takardun Turai ba sa damuwa da shi: zafin ɗaki. Za ka ga an rubuta a yi a zafin ɗaki, su suna nufin digiri 22 zuwa 25. Namu ɗakin, in na'urar sanyaya ta tsaya da azahar a watan Mayu, ya wuce 35. Kowane digiri ɗaya na rage lokacin fitowa da kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari, don haka tsaunin da ka gani da hantsi ba a nan za ka same shi da la'asar ba, wani lokaci har biyu su yi musayar wuri. Tandar kolum da ba ta da sanyaya ba ta iya riƙe 25 a ɗaki mai 33. Ni 35 ko 40 nake sawa tun wajen ƙirƙirar hanya, in kuma zaɓi kolum da takardarsa ta ce yana jure 60. Ribar ƙafa: ruwa mai ɗumi ya fi tsinkewa, matsi na sauka.

Aikin jini da fitsari wata duniya ce. Ƙwayar magani ka san abin da ke ciki. Ruwan jini kuwa furotin ne da gishiri da kitse, maganin da kake nema ɗan mitsitsi ne a tsakiyarsu, nanogiram a mililita, kamar mai neman lumefantirin a jinin yaro rana ta 7 bayan fara shan magani. Hanya mafi araha ita ce zuba asetonitiril kashi uku a kan ruwan jini kashi ɗaya, furotin ya dunƙule kamar cuku, a juya a injin wurwura a kwashe na sama. Furotin ya tafi, amma kitsen da ake kira fosfolifid na nan daram. Yana manne wa C18 ƙam, ya taru, sai can a allura ta ashirin ya fara fitowa inda ba a gayyace shi ba. Da fitilar UV za ka ga layin ƙasa na kumbura. Da na'urar awon nauyi, MS, ya fi haɗari, domin ba ka ganinsa, danne siginar maganin kawai yake. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta awon magani a jini da fitsari, ICH M10 ta 2022, kashi 15 cikin ɗari ta ba ka na kuskure, 20 a mafi ƙanƙantar awo, kuma fosfolifid kaɗai na iya cinye su. Saboda haka a ƙarshen kowace allura nake ɗaga ruwan kora zuwa kashi 95 na mai ƙarfi, wato asetonitiril ko metanol, na 'yan mintuna, kuma na fi son gajeren kolum mai wankuwa da wuri. In UV ne abin hannunka, kamar yawancinmu, wahalar tace samfur da sinadarin da ba ya haɗuwa da ruwa ta fi sayen kolum mai tsada amfani.

Wanda ya samu damar MS, 2.1 da 50 ko 100 ne ma'auninsa, kuma ya manta da fosfet da tirayetilamin, don fosfet ba ya tashi ya bi iska, toshe bakin na'urar yake. Fomik asid kashi 0.1 ko amoniyam fomet ne abincinta. Ma'ana ba ka da abin ɓoye aibin tsohuwar silika, dole kolum ya zama na kirki da kansa. Kada kuma a ce tunda MS na gane nauyi ba a buƙatar rabuwa. Kodin da haidurokodon nauyinsu ɗaya, 300. Mofin da haiduromofon 286. Tiramadol da ragowar maganin damuwa benlafaksin a jiki dukkansu 264 ne, har gutsuren da suke bayarwa ɗaya ne, 58. In kolum bai raba su ba, sai ka rubuta wa mai shan maganin damuwa da likita ya ba shi cewa ɗan ƙwaya ne. A irin wannan aiki baifenil ko PFP sun fi C18, sun kuma fi shi riƙe mofin, wanda ke son zillewa da wuri.

Manyan ƙwayoyi irin furotin ba sa shiga ramukan angistiram 80 zuwa 120 na kolum ɗin magani, sai mai 300, galibi da guntuwar sarƙa C4. Tagwayen magani na dama da hagu, irin biyun da ke cikin ofuloksasin, waɗanda na hagunsu shi ne lebofuloksasin, C18 shi kaɗai ba ya bambance su, sai irin Chiralpak na kamfanin Daicel. Waɗannan sai aiki ya zo ake saye, ba a ajiye su don ko-ta-kwana.

Ɗan gadi kuwa, wato ɗan guntun kolum da ake sawa a gaba, ba na ɗaura samfurin jini ko sirof ko jiƙon ganye ba tare da shi ba, kuma shafinsa ya zama irin na babban. Na koyi darajar kula ne da tsada. Wata Alhamis wuta ta tafi muna tsakiyar aiki da fosfet, janareta ba mai, muka rufe muka tafi. Ranar Litinin wani ya zo, da kyakkyawar niyya, ya tura zallan asetonitiril wai zai wanke. Gishirin ya daskare a ciki kamar kanwa a bakin tafki. Kolum ɗin bai sake moruwa ba. Ka fara korar bafa da ruwa mai kashi 10 na metanol, kamar cikin kolum goma zuwa ashirin, wato mililita 15 zuwa 30 ga mai tsawon 150, sannan ka ajiye shi cikin mai ƙarfi, ka toshe bakinsa biyu, don a zafin nan kolum buɗaɗɗe bushewa yake. Bafa kuma kada ta kwana biyu a kan tebur, tsiro take yi. Da hunturu ka rufe bakin kwalabe, ƙurar da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa ba ta san tsadar kaya ba. Ruwan leda da na burtsatse, ko an tace, ba na wannan aiki ba ne. Matatar maikuron 0.45 ta isa ga ƙwaya 5 da 3, ƙasa da 2 sai 0.2.

In aka ce yau ga kuɗin kolum uku kacal, zan ɗauki C18 na zamani mai jure pH mai faɗi, 4.6 da 150, guda biyu iri ɗaya, na ukun fenil. Biyu iri ɗaya saboda da dala ake sayensu, daga waje suke zuwa, su sauka Legas kafin su kama doguwar hanyar Sakkwato, kuma ɗalibin da kolum ɗinsa ya mutu a tsakiyar aiki zangon karatu guda zai rasa. A takardar oda kada ka rubuta "C18" kawai. Rubuta sunan kamfani, sunan samfurin, tsawo, faɗi, girman ƙwaya, girman rami, da lambar kaya. In ya iso, duba ko murfin bakinsa biyu na ɗaure, ko lambar jikinsa ta yi daidai da ta takardar shaidar da ke cikin kwali, don akwai masu goge tsoho su mayar a kwali. Araha ba ta ado. Ka ɗaura shi ta inda kibiya ta nuna, ka maimaita gwajin da ke kan takardar ko wani naka da ka saba da shi, ka buɗe masa shafi a littafi: kwanan wata, ruwan kora, zafi, lokacin fitowa, wutsiya, da matsin ranar farko. Ranar da matsin ya haura wannan lamba da kashi 20, ɗan gadin za ka fara cirewa ka sake dubawa kafin ka zargi babban.